Inda Kawu Yake Ɗaura Kyamarorinsa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a ƙarshen kakar bana, lokacin da itatuwa suka gama zubar da ganye. Ciwon ƙirji ne ya kama shi a wurin aiki. Aka kwantar da shi a asibitin da ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton ƙasusuwan mutane, bai kuma tashi ba.

Gidansa na Gaithersburg ya cika har kan matakala. Mutanen Laurel sun zo bayan tashi daga aiki, wasu da rigar gadi a jikinsu. Na Manassas sun sha cunkoson hanya, suka iso da kulolin abinci. Abin da na lura shi ne kowa yakan fara da cewa mutumin kirki ne, sai ya ƙare da zancen nama. Wata mata ta ce lokacin da ta haihu ba ta san kowa a ƙasar nan ba, sai ga shi a ƙofa da cinyar barewa, ya ce a zuba yaji sosai, jego ba ya son wasa. Wani likita ya ce shi bai yarda naman harbi yana halatta ba sai da Kawu ya zaunar da shi bayan sallar Juma'a, suka yi ta jayayya har mai share masallaci ya kore su. Aminin Kawu, wani direba mutumin Maraɗi, yana share hawaye yana dariya.

"Wallahi mutumin nan ya fi sanin barewar Maryland a kan maƙwabtansa," ya ce. "Ka tambaye shi sunan mai gidan da ke kallon nasa, sai ya yi ta sosa ƙeya."

Babban ɗan Kawu, taubashina, yana zaune kusa da ƙofa yana amsa gaisuwa. A nan aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayarwa, sai dai Umma, matar Kawu, ta koya masa abin da zai riƙa cewa. Wani dattijo ya shigo, ya miƙa masa hannu.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Dattijon ya juya ga aminin Kawu. "Wannan fa?"

"Ai babban ɗan marigayi ne."

"Ikon Allah! Ashe yana da babban ɗa haka? Shekara da shekaru muna sahu ɗaya, ban taɓa jin ya ambace shi ba. Ka ga kunyar mutanen da."

Yabo dattijon yake yi. Taubashina ya saki hannunsa, ya miƙe, ya fita cikin sanyi ko rigar sama bai ɗauka ba.

Shi ɗan fari ne, kuma sunan Kakanmu aka raɗa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa jin sunan a bakin Kawu ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "wancan", in kuma da Umma yake magana ya ce "ɗanki". Autar gidan kuwa sai ya kira sunanta tun daga ƙasan bene har maƙwabta su ji. A gida babu wanda zai ga abin mamaki, mahaifiyata ma har yau ba ta kiran sunan yayana. Amma taubashina ya tashi a wurin da iyaye maza suke tsayawa a bakin filin ƙwallo suna ƙwala kiran sunan 'ya'yansu. Ya girma yana ganin ubansa ba ya sonsa, kuma da wannan zaton ya ɗauki makararsa.

Na zauna rubuta wannan ne domin mutane sun san naman, ba su san dajin ba, kuma a dajin na san Kawu.

Karatu ya kawo ni ƙasar nan, aka ba ni ɗakin ƙasa a gidansa. Sanyin farko ya same ni ba ƙawa, ba magana, daga makaranta sai ɗaki. Umma ta damu, tana ta tambaya ko wani abu aka yi mini, ni kuwa ban san amsar ba. Kawu bai tambaye ni komai ba. Wata Asabar ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ajiye takalman roba a ƙasa.

"Malama, rufe littafin nan. Ina neman wanda ya iya shiru, duk gidan nan ke kaɗai na samu."

Muka yi arewa, har gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Gonar ta wata tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, tana zaune da kajinta. Barewa sun hana ta cin lambunta, shi ya sa ta ba Kawu izinin farauta a dajin da ke bayan gidan. Kakanmu mafarauci ne, kuma Kawu ya bi sawu a bayansa tun kafin ya san boko. Ya ce barewar nan ta fi ta gida girma, amma halinsu ɗaya. Lokacin farauta gajere ne, lasisi kuma ya ƙayyade abin da mutum zai ɗauka. Sauran shekarar duk ta kallo ce, kuma ina jin kallon ya fi so.

Kyamarar daji ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a jikin itace. Da zarar wani abu mai rai ya gitta sai ta ɗauki hoto ta adana a kati. Kowa zai iya sayenta. Inda za a ɗaura ta ne aikin.

Ranar farko ya tsaya a wani wuri inda rafi ya matso kusa da shingen waya, tsakaninsu ba faɗi. Ya nuna mini ƙasa, duk sawun kofato.

"Me ake kiran wannan a gida?"

Na yi tunani. "Burtali?"

"Yauwa. Ashe bokon bai cinye ki duka ba. Dajin nan da faɗi, amma kowa sai ya bi ta nan. Kada ki bi barewa kina nema. Ki nemi inda ba ta da zaɓi."

Na nuna wani itace da ke fuskantar hanyar kai tsaye, na ce nan zai yi. Ya girgiza kai. In kyamara ta tsallaka hanya a miƙe, kafin ta farka dabbar ta wuce, sai a samu wutsiya. Ya zaɓi wani itace a gefe, ya karkata ta yadda za ta bi tsawon hanyar.

"A asibiti nakan ce wa mutum tsaya cik, riƙe numfashi. Wannan ba ta jin Turanci."

Ba ya ɗaura ta daidai idon barewa. Sai ya miƙa hannu sama da kansa, ya ɗaure, sannan ya cusa ɗan guntun icce a bayanta don ta sunkuya. Ya ce duk abin da ya gane ana kallonsa, ya daina zama yadda yake. Ya kakkarya ciyayin da ke gabanta, domin in iska ta kaɗa su kati zai cika da hoton ciyawa. Kullum arewa yake juya fuskarta, saboda ranar safe da ta yamma suna wanke hoto. A kan wannan amininsa yake tsokanarsa.

"Alhaji, kyamarorinka ba sa salla. Ban taɓa ganin ɗaya ta kalli gabas ba."

"A ƙasar nan alƙibla ma ta karkata arewa. Sun fi ka kusa da ita, kai da kake salla a wurin ajiye motoci."

Ya raɗa wa komai suna na gida. Akwai wani itace mai 'ya'ya masu zaƙi da suke zubowa in sanyi ya fara, ya ce kanya ce, kuma lokacin zubarsu ba ya rasa kyamara a kusa. Inda namijin barewa yake tone ƙasa a ƙarƙashin wani reshe, kowane namiji ya zo ya sunsuna ya bar nasa warin, nan ya kira majalisa. "Nan ake jin wa ya shigo gari," ya ce. Yana da kyamara a mashaya, amma ya ce ta rani ce, da damina kowane rami mashaya ne.

Wuri ɗaya ne ba ya zuwa. Can ƙasan tudu akwai wani surƙuƙin ƙaya inda barewa suke kwanciya da rana. Na tambaye shi me ya sa ba za mu sa a ciki ba, tunda nan suka fi yawa.

"Nan ɗakinsu ne. Baƙo a zaure yake tsayawa."

Sai ya ɗaura a bakin hanyar da take fitowa daga surƙuƙin, da ɗan nisa, kuma sai ya duba inda iska take kaɗawa kafin ya matsa. Ko katin ba ya yawan zuwa ɗauka. Mutum ne mai son turare, ranar Juma'a tun daga bene ake jin saukowarsa, amma kayan dajinsa a buhun busasshen ganye yake ajiye su a gareji. Umma takan ce ta auri mutum biyu, na Juma'a da na Asabar, kuma na Asabar ba ya shigar mata falo.

In mun dawo nakan buɗe hotunan a kwamfuta, in jera su wuri wuri, shi kuma ya ja kujera yana gabatar mini da su kamar dangi. Ga mai ɗingishi. Ga mai tagwaye, bara ma tagwaye ta yi. Ga tsohon da ba ya fitowa sai gari ya yi duhu. A wannan zaman na fara magana da ƙarfi a ƙasar nan, ban kuma san lokacin da na fara ba.

Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba. Yana da taurin kai, kuma na ga ranar da taurin kan ya yi ɓarna.

Da taubashina ya samu aikinsa na farko, sai ya saya wa ubansa wata kyamara ta zamani, mai aiko da hoto a waya nan take. Ya so ya ba shi mamaki. Ya tafi gonar shi kaɗai, ya bi sawu har inda ya fi yawa, wato tsakiyar surƙuƙin, ya ɗaura ta daidai ƙirjinsa, ya dawo ya haɗa ta da wayar Kawu. Da farko hotuna suka riƙa shigowa, barewa sun zaro ido suna kallon abin. Daga baya sai ƙaya kawai. Sun tashi daga wannan ɓangaren gonar, ba su dawo ba duk shekarar.

Muna cin tuwo Kawu ya shigo, ya ajiye kyamarar a kan tebur, ya zauna ya wanke hannu.

"Ki gaya wa yaron nan," ya ce wa Umma, "ba a shiga makwanta."

Taubashina yana zaune a gabansa, kwano ɗaya ne tsakaninsu. Ya ajiye cokali. Da Turanci ya yi maganar.

"Baba, ga ni a gabanka. Ina da suna. Kai ka raɗa mini shi."

Kawu ya sa hannu a tuwon, bai ɗago loma ba, bai ɗago kai ba. Can ya ce, "Ki gaya masa na gode da kyamara."

Ba a jima ba taubashina ya kama ɗaki a Laurel. Sai da Salla yake zuwa, ya gaishe da uban daga tsaye. Na ji Umma tana cewa, "Alhaji, kira shi sau ɗaya mana, harshenka ba zai guntule ba." Ya ce, "Sunan ubana ne." Maganar ta ƙare a nan.

Ni ma na gwada. Duk shiruna, da taubashina nakan saki baki, tunda taubashi abokin wasa ne. Na ce, Bature, zo in karanta maka abin da ake kira kunya. Ya ce, "Ɓeran laburare, riƙe laccarki. Umma ta gaya mini, ke kin gaya mini, kowa ya gaya mini al'ada ce. Na sani. Sanin bai taɓa kirana ba."

Kyamarar kuwa ba ta koma daji ba. A sanyin shekarar tsohuwa mai gona ta zame a kan ƙanƙara tana zuwa akurkin kaji, ta daɗe a kwance kafin a ganta. Kawu ya nemi izininta, ya ɗaura kyamarar a wani turke, sama da kai, fuska arewa, tana bin tsawon hanyar da ta tashi daga ƙofar baya zuwa akurki. Kowace safiya wayarsa takan yi ƙara, ga tsohuwa da kwandon ƙwai. In ya gama shan shayi hoton bai shigo ba, sai ya kira ta. Amininsa ya ce Alhaji ya yi budurwa. Umma ta ce a bar shi, budurwar da ta kusa haifarsa ba abin tsoro ba ce.

Bayan an tashi daga zaman makoki, wayar Kawu tana kan tebur ba wanda ya taɓa ta. Da safe ta yi ƙara. Umma ta duba, ta daɗe tana kallo.

"Ba wanda ya gaya wa matar nan," ta ce. Ta miƙa wa ɗanta wayar da makullin motar Kawu, ta dube mu ni da shi. "Ku je ku gaya mata. Ku kwaso kayansa na daji."

A hanya na ba shi labarin turken da akurkin, ina tsammanin zai ji daɗi. Muka wuce gidan mai na ƙarshe.

"Wato kyauta ya yi da ita," ya ce.

Bai tsaya a gidan tsohuwar ba. Ya zagaya ta hanyar baya, ya ce mu fara da daji. Na shige gaba domin na san wuraren. Muka kwance ta majalisa, muka kwance ta gindin kanya. Da muka isa burtali ban nuna masa inda take ba. Ya tsaya ya dubi sawun, ya dubi rafi, ya juya baya ga rana, ya ɗaga kai. "Ga ta can," ya ce. Yana ƙarami ya zo dajin nan, bai manta ba. Ya miƙa hannu ya kwance maɗaurin, guntun iccen da Kawu ya cusa ya faɗo, ya sunkuya ya ɗauka ya riƙe.

"Ya san kowace barewa a nan," ya ce. "Ya san mai ɗingishi, ya san mai tagwaye. Da kin tambaye shi wane aiki nake yi, kina jin zai iya gaya miki?"

Na so in ce zai iya. Amma ban taɓa ji ba, ba kuma zan yi masa ƙarya a dajin ubansa ba. Muka fito muka nufi gidan.

Tsohuwar tana tsaye a baranda da sandarta, ta riga ta ga motar. Ta dube ni, ta dubi wanda yake riƙe da makullin, ta lalubi kujera ta zauna.

"Ya tafi, ko?"

Na ce ya tafi. Na gaya mata yadda abin ya faru, da inda aka binne shi. Ta yi kuka kaɗan, irin na tsofaffi, ba sauti. Ta ce ta tara masa ƙwai tana mamakin shirun. Sannan ta share ido, ta ɗago ta dubi taubashina, wanda yake tsaye a ƙasan matakala, ta kira sunansa.

Sunan yana da ƙ a tsakiya. Ban taɓa jin Baturen da ya iya shi ba. A makaranta da wurin aiki sun gutsure shi sun bar masa rabi, har ya saba. Ita kuwa ta faɗe shi cikakke, ƙ ɗin ya fito daga maƙogwaro tsaf, ta kuma ja ƙarshensa yadda mutanen garinmu suke ja.

Ya ɗago kai da sauri. "A ina kika san sunana?"

"A ina kuwa? Mutumin nan ya cika mini kunne da kai. In yana gyara mini ƙofar shinge, kai. In yana shan kofina marar daɗi, kai. Ranar da ka fara tafiya. Gwiwar da ka karya a ƙwallo, wai shi ya ɗauki hoton da kansa. Aikin nan naka na kwamfuta ya yi ta bayyana mini, har yau ban gane ba, amma na gane yana taƙama da shi. Ranar farko na gajarta sunan, sai ya ajiye guduma. Ya sa ni maimaitawa kamar 'yar makaranta, har kaji suka taru suna kallona. Ya ce sunan ubansa ne kuma sunan ɗansa, ba a gutsure shi."

"Shi ya faɗa? Da bakinsa?"

"Yaro, shekaruna sun wuce in ƙirƙiro wannan sautin da kaina."

Ya hau matakala ɗaya, ya tsaya. Guntun iccen yana hannunsa har lokacin.

"Don Allah ki sake faɗa."

Ta gyara zama, ta dafa sandarta, ta ɗaga murya kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona. Muryar tata ce, amma duk wanda ya san Kawu ya san bakin da aka koyo kiran.

Taubashina ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na'am."

Allah ya gafarta wa Kawu abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa, ya sa ya huta, ya ba mu haƙurin rashinsa.